Kirimiya: Me Takardar Allah-wadai Ke Tsinanawa?

A ranar 18 ga Maris, 2014, Shugaba Vladimir Putin ya sanya hannu a fadar Kremlin kan takardar da ta shigar da yankin Kirimiya da birnin Sevastopol cikin Tarayyar Rasha. Mako uku kafin nan, yankin yana ƙarƙashin ikon Yukiren, ƙasar da Rasha ta sha yin alƙawari a rubuce cewa za ta mutunta iyakokinta. Duk mai bin labaran duniya a rediyo ya san abin da ya biyo baya: an kira jakadu, an miƙa takardun ƙorafi, an zauna a Majalisar Ɗinkin Duniya, an kaɗa ƙuri'a, an ƙaƙaba takunkumi. Kirimiya kuwa har yau tana hannun Rasha.

Shi ya sa a majalisun hira da teburan masu shayi, da zarar mai karanta labarai ya ce wata ƙasa ta yi Allah-wadai da kakkausar murya, sai a ja tsaki. Ra'ayin da ya fi yaɗuwa shi ne duk wannan ihu ne bayan hari, mai ƙarfi ya riga ya ɗauki abin da yake so, saura surutu. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai ba ta cika ba. Takardar ƙorafi tana da aikin da take yi, aiki ne ƙarami mai tafiyar hawainiya, kuma masu raina ta da masu dogara da ita duk suna ɗora mata kayan da ba nata ba.

1. Alƙawarin da aka karya

Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a ƙarshen 1991, Yukiren ta wayi gari da makaman nukiliya masu cin dogon zango kimanin 1,900 a cikin ƙasarta, tarin da ya zo na uku a girma a duk duniya. Ikon harba su yana Mosko, kula da su kuma yana cin kuɗin da sabuwar ƙasar ba ta da shi, amma duk da haka kadara ce ta ciniki. Amurka da Rasha sun haɗu a kan buƙata ɗaya, wato a kwashe makaman a kai Rasha. Yukiren ta nemi a biya ta da tsaro.

Abin da ta samu shi ne takardar fahimtar juna da aka rattaba wa hannu a birnin Budapest ranar 5 ga Disamba, 1994. Leonid Kuchma ya sa hannu a madadin Yukiren, Boris Yeltsin na Rasha, Bill Clinton na Amurka, John Major na Birtaniya. Manyan ƙasashen uku sun yi alƙawarin mutunta 'yancin Yukiren da iyakokinta kamar yadda suke a lokacin, ba za su yi mata barazana ko amfani da ƙarfin soja a kanta ba, kuma ba za su matsa mata ta fuskar tattalin arziki don su juya ta ba. A tsakiyar 1996 makami na ƙarshe ya bar ƙasar.

Duk wanda ya karanta takardar a natse zai ga ɓarakar da ke cikinta. Babu inda wani ya ɗauki nauyin tura soja ko makami idan aka far wa Yukiren. An dai ce za a garzaya Kwamitin Sulhu idan aka kai mata hari ko aka yi mata barazana da makamin nukiliya, kuma za a zauna a tattauna idan wata matsala ta taso. Kwamitin Sulhun nan kuwa Rasha tana da kujerar na-ƙi a cikinsa. Ma'ana, idan ita ce mai laifin, an kai ƙarar kura wurin kura.

Ba Budapest kaɗai ba ce. A ranar 31 ga Mayu, 1997, ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar abota, wadda a cikinta kowacce ta amince cewa iyakar ɗaya ba abin taɓawa ba ce. A makon ne kuma aka raba rundunar jiragen ruwan yaƙi ta Bahar Aswad, aka ba Rasha hayar sansanin Sevastopol zuwa 2017, da iznin ajiye soja har 25,000, bisa sharaɗin ba za su tsoma baki a harkokin cikin gidan Yukiren ba. A 2003 Putin da kansa ya sa hannu a yarjejeniyar shata iyaka ta tudu. A 2010 aka tsawaita hayar zuwa 2042 a madadin rangwamen kuɗin iskar gas. Wanda ke biyan kuɗin haya ya riga ya faɗi wane ne mai gida.

2. Yadda aka ɗauke yankin

Bayan watanni uku ana zanga-zanga a Kiev, Shugaba Viktor Yanukovych ya tsere daga birnin a daren 21 ga Fabrairu, 2014, washegari majalisa ta tsige shi. Da asubahin 27 ga wata wasu mutane ɗauke da makamai, sanye da kakin soja marar tambari, suka mamaye majalisar dokokin Kirimiya a Simferopol. A ƙarƙashin bindigoginsu aka naɗa Sergey Aksyonov firaminista, mutumin da jam'iyyarsa ta samu kimanin kashi 4 cikin ɗari a zaɓen yankin na 2010. Aka killace barikokin sojan Yukiren, aka rufe filayen jirgin sama.

Ranar 16 ga Maris aka yi ƙuri'ar raba gardama. Zaɓi biyu ne a takardar: shiga Rasha, ko komawa ga tsarin mulkin yankin na 1992 wanda ya ba shi iko mai faɗi. Babu gurbin wanda ke son a bar abubuwa yadda suke. Hukumomin da suka shirya ta sun ce kusan kashi 97 cikin ɗari sun zaɓi Rasha. Majalisar Tatar ta Kirimiya, wadda ake kira Mejlis, ta umurci mutanenta su ƙaurace. Tatar Musulmi ne, su ne tsofaffin mazauna yankin tun kafin daular Rasha ta haɗiye shi a 1783, kuma ba su manta da watan Mayun 1944 ba, lokacin da Stalin ya sa aka loda kusan mutum 200,000 daga cikinsu a jiragen ƙasa zuwa tsakiyar Asiya.

Da fari Putin ya ce masu kakin nan 'yan sa-kai ne na yankin. A watan Afrilu ya amsa cewa sojan Rasha sun mara musu baya, bayan shekara guda kuma, a wani fim na talabijin, ya bayyana cewa shi ya ba da umurnin tun daren 22 ga Fabrairu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, wannan karon ma mai ramin ne ya nuna ƙarshensa.

3. Matakan ƙorafi

Yukiren ta fara da abin da takardar Budapest ta tanada, ta nemi a zauna. Ranar 5 ga Maris, a Paris, John Kerry na Amurka da William Hague na Birtaniya suka gana da muƙaddashin ministan harkokin wajen Yukiren, Andriy Deshchytsia. Takwaransu na Rasha, Sergey Lavrov, yana cikin garin a ranar, amma bai halarci zaman ba.

Daga nan sai Kwamitin Sulhu. Ranar 15 ga Maris, jajiberin ƙuri'ar, aka gabatar da daftarin da ke cewa sakamakonta ba zai zama halas ba. Ƙasashe 13 suka goyi baya, cikinsu har da Najeriya da Chadi waɗanda ke da kujerun wucin gadi a shekarar. Sin ta yi rowar ƙuri'arta. Rasha ta hau kujerar na-ƙi, daftarin ya mutu. Sai aka koma Babban Zaure, inda babu mai ikon hanawa, amma kuma hukuncinsa ba ya tilasta kowa. Ranar 27 ga Maris aka zartar da ƙuduri mai lamba 68/262 wanda ya tabbatar da iyakokin Yukiren, ya kuma roƙi ƙasashe kada su amince da wani sauyi a matsayin Kirimiya. Ƙasashe 100 suka ce e, 11 suka ce a'a, 58 suka ƙi bin kowane ɓangare. Najeriya tana cikin ɗarin. Sudan da Zimbabuwe suna cikin sha ɗayan. Indiya da Brazil da Afirka ta Kudu da Sin suna cikin masu kame baki.

A gefe guda ƙasashen Yamma suka dakatar da Rasha daga ƙungiyar G8, aka fasa taron da za a yi a Sochi. NATO ta tsayar da hulɗar aiki da ita. Tarayyar Turai ta fara da hana mutum 21 biza da riƙe dukiyoyinsu, daga baya ta haramta shigo da kaya daga Kirimiya da zuba jari a can. Takunkumin da ya taɓa bankuna da harkar mai da makamai bai zo da ƙarfi ba sai bayan 17 ga Yuli, ranar da aka harbo jirgin fasinja na Malesiya a gabashin Yukiren, mutum 298 suka mutu. Wannan jinkiri ya nuna wa Mosko farashin Kirimiya ita kaɗai, kuma farashin bai yi tsada ba.

4. Abin da Mosko ta kafa hujja da shi

Adalci ya buƙaci a saurari ɗaya ɓangaren. Rasha ta ce juyin mulki aka yi a Kiev, don haka gwamnatin da ta hau ba ita ce aka yi wa alƙawari ba. Ta ce mafi yawan mutanen Kirimiya Rashawa ne, kimanin kashi 58 cikin ɗari a ƙidayar 2001, kuma shugaban Sobiyet Khrushchev ne ya miƙa yankin ga Yukiren a 1954 ba tare da an tambayi kowa ba. Ta kuma ɗauko misalin Kosovo, wadda Turawan Yamma suka amince da ɓallewarta daga Sabiya a 2008.

Hujjar farko ba ta tsayuwa, domin yarjejeniya tsakanin ƙasa da ƙasa ake ƙulla ta, ba ta faɗuwa da faɗuwar gwamnati. Da haka ne, da duk juyin mulkin da aka yi a Afirka ta Yamma ya ba maƙwabta lasisin yankar ƙasa. Ta biyu tana da nauyi ta fuskar zuciya, kuma babu shakka mutane da yawa a Kirimiya sun yi murna da zuwan Rasha. Amma Rasha ta san labarin 1954 sarai a duk lokutan da ta sa hannu a 1994 da 1997 da 2003, kuma a ƙuri'ar Disambar 1991 kashi 54 cikin ɗari na masu zaɓe a Kirimiya sun goyi bayan 'yancin Yukiren. Kosovo kuwa ta shafe kusan shekara tara ƙarƙashin kulawar Majalisar Ɗinkin Duniya kafin ta ɓalle, babu kuma ƙasar da ta haɗiye ta. Abin mamaki ma shi ne Rasha har gobe ba ta amince da Kosovon da take kafa hujja da ita ba.

5. Dalilin da ya sa ba a yin shiru

A kotunan shari'ar Musulunci na arewacin Najeriya akwai ƙa'idar da alƙalai ke kira hauzi. Idan baƙo ya riƙe gonar mutum shekara goma, yana noma yana gini, mai gonar yana gari yana kallo, babu abin da ya hana shi magana amma bai yi ba, to ranar da ya tashi da'awa ba lallai a saurare shi ba. Wanda kuwa yake zuwa yana faɗa a gaban shaidu cewa gonar nan tasa ce, haƙƙinsa yana nan ko da bai iya korar mai riƙon ba. Dokar ƙasa da ƙasa tana da irin wannan tunani, kuma a nan ne amfanin takardar ƙorafi yake.

Kotun Duniya ta nuna haka a 1962 a shari'ar wurin bauta na Preah Vihear. An ba Tailan taswirar da ta sa wurin a cikin Kambodiya, ta karɓa, ta yi shekaru da dama ba ta ce uffan ba, kotu ta ɗauki shirun a matsayin yarda. A 2008 irin haka ta faru da Malesiya, wadda ta rasa tsibirin Pedra Branca ga Singafo saboda ta daɗe tana kallo ana gudanar da shi ba ta tanka ba. Gaskiya ne cewa Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945 ya haramta amfani da ƙarfi a kan iyakar wata ƙasa, kuma sanarwar Babban Zaure ta 1970 ta fayyace cewa ƙasar da aka ci da yaƙi ba ta zama halas. Sai dai doka tana rayuwa ne da yadda ƙasashe ke aiki da ita. Idan aka taka ta kowa ya kau da kai, a hankali sai takawar ta zama al'ada.

Misalin da ya fi kowane ƙarfi shi ne na ƙasashen Baltik uku, Estoniya da Latbiya da Lituweniya. Sojan Sobiyet sun mamaye su a 1940. Ranar 23 ga Yuli na shekarar muƙaddashin sakataren harkokin wajen Amurka, Sumner Welles, ya fitar da gajeriyar sanarwa cewa ƙasarsa ba ta yarda ba. Amurka ba ta harba harsashi ko ɗaya don kare su ba. Amma ofisoshin jakadancinsu a Amurka sun ci gaba da aiki har shekara hamsin, suna wakiltar ƙasashen da suka ɓace daga taswirar Mosko. Da Sobiyet ta raunana a 1991, ƙasashen uku sun dawo a matsayin waɗanda dama suna nan, mamaya ce kawai ta katse su, kuma a watan Satumba suka shiga Majalisar Ɗinkin Duniya. Timor ta Gabas ma haka: Indonisiya ta mamaye ta a 1975, ta haɗe ta a 1976, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙi cire ta daga jerin yankunan da ba a warware makomarsu ba, kuma a 2002 ta zama ƙasa.

A Kirimiya ƙin amincewar ya sauko har cikin rayuwar yau da kullum. Jiragen sama na ƙasashen waje sun daina sauka a Simferopol. Katunan Visa da Mastercard sun daina aiki a ƙarshen 2014. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai ta hana kulob-kulob na yankin buga gasar Rasha. Bankin gwamnati mafi girma a Rasha, Sberbank, ya yi kusan shekara tara yana kauce wa buɗe reshe a wurin da gwamnatinsa ke kira ƙasarta, don tsoron takunkumi. A Disambar 2016 Babban Zaure ya kira Rasha mai mamaya, kuma wannan suna yana jawo hukunci, domin Yarjejeniyar Janiba ta haramta wa mai mamaya tilasta wa mazauna yanki shiga sojansa ko kwaso mutanensa ya zuba a wurin. A kan irin wannan tushe ne Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta samu Rasha da laifin take haƙƙoƙi a Kirimiya a 2024.

6. Inda ƙarfinta ya ƙare

Duk wannan bai mayar da taƙi ɗaya na ƙasa ba, kuma tarihi bai ɓoye hakan ba. Japan ta mamaye Manchuriya a 1931. Amurka ta aika takardar ƙin amincewa a Janairun 1932, Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani ta kaɗa ƙuri'a 42 da 1 a Fabrairun 1933, wakilan Japan suka tattara takardunsu suka fice. Yankin bai koma hannun Sin ba sai da Japan ta sha kashi a 1945. Italiya ta haɗe Habasha a Mayun 1936, Sarki Haile Selassie ya je Janiba da kansa ya kai kuka gaban ƙungiyar a ƙarshen Yuni, makonni kaɗan bayan haka aka ɗage takunkumin da aka sa wa Italiya, a 1938 kuma Birtaniya ta amince da cin.

Na Chekoslobakiya ya fi kama da na Kirimiya, domin shi ma alƙawari aka karya. A Munich, ƙarshen Satumbar 1938, an ba Hitler yankin Sudeten bisa cewa iyakarsa ke nan. Ranar 15 ga Maris, 1939, sojansa suka shiga Prague. Bayan kwana uku jakadun Birtaniya da Faransa suka miƙa takardun ƙorafi a Berlin, aka kuma kira su gida. A cikin watan nan ne dai aka mayar da wani kaso na zinaren Chekoslobakiya da ke ajiye a Bankin Ingila zuwa asusun babban bankin Jamus. Hitler ya fi kula da zinaren a kan takardar, a farkon Satumba ya afka wa Poland.

Kuwaiti ita ce ta dawo da wuri. Iraƙi ta mamaye ta ranar 2 ga Agusta, 1990, Kwamitin Sulhu ya ce haɗewar ba ta da tushe a ƙuduri mai lamba 662, ba tare da ko ƙuri'a ɗaya ta adawa ba, kuma a Fabrairun 1991 aka fitar da sojan Saddam. Amma rundunar ƙawance ce ta fitar da su. Kwamitin Sulhu ya halatta yaƙin ne kawai. Iraƙi ba ta da kujerar na-ƙi, ba ta da makamin nukiliya, Kuwaiti kuma tana zaune a kan man fetur.

Bayan 2014 Turai ta maimaita kuskuren mai ƙorafi da baki yana ciniki da hannu. A Satumbar 2015, shekara ɗaya da rabi da ɗauke Kirimiya, kamfanonin Turai suka ƙulla yarjejeniyar shimfiɗa bututun gas na Nord Stream 2 da kamfanin Gazprom na Rasha. A 2018 duniya ta hallara a Rasha kallon gasar cin kofin duniya, a shekarar da Putin ya buɗe gada mai tsawon kilomita 19 da ta haɗa Kirimiya da Rasha. A 2019 aka mayar wa wakilan Rasha ikon ƙuri'a a majalisar dokokin Majalisar Turai. Zuwa 2021 sama da kashi 40 cikin ɗari na gas ɗin da Tarayyar Turai ke saye daga waje na Rasha ne. Mejlis kuwa an haramta ta tun 2016, Kotun Duniya ta ba da umurni a 2017 a ɗage haramcin, ba a ɗage ba. Jagororinta, Mustafa Dzhemilev da Refat Chubarov, an hana su shiga ƙasar kakanninsu tun 2014. Ga waɗannan mutane, labarin cewa Baltik ta dawo bayan shekara hamsin ba wani lallashi ba ne.

Ranar 24 ga Fabrairu, 2022, Rasha ta ƙaddamar da cikakken hari. A ƙarshen Satumba ta sanar da haɗe wasu larduna huɗu, Donetsk da Luhansk da Zaporizhzhia da Kherson, ta hanyar irin waccan ƙuri'ar raba gardama. Wannan karon a Babban Zaure ƙasashe 143 suka yi tir, 5 suka ƙi, 35 suka kame. Adadin ya ƙaru, amma bayan gari ya riga ya ci wuta.

7. Laifi tudu ne

Akwai abin da ke rage wa ƙorafin daraja fiye da tankokin Rasha, shi ne halin masu yin sa. A 1981 Isra'ila ta shimfiɗa dokokinta a kan Tuddan Golan na Siriya, Kwamitin Sulhu gaba ɗayansa, har da Amurka, ya ce matakin ba shi da tushe a ƙuduri mai lamba 497. A Yulin 2018 sakataren harkokin wajen Amurka Mike Pompeo ya fitar da sanarwa kan Kirimiya yana tuna wa duniya matakin Welles. Wata takwas bayan haka gwamnatin da yake ciki ta amince da ikon Isra'ila a kan Golan, a Disambar 2020 kuma ta amince da ikon Maroko a kan Yammacin Sahara. Idan aka haɗa da yaƙin Iraƙi na 2003 da aka shiga ba da iznin Kwamitin Sulhu ba, ba abin mamaki ba ne ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya su ɗauki maganar a matsayin rigimar manya.

Sai dai munafuncin mai wa'azi ba ya mayar da haram halas. Ƙananan ƙasashe su suka fi kowa buƙatar wannan ƙa'ida, domin ba su da wata garkuwar. Shugabannin Afirka sun gane haka tun taron Alƙahira na 1964, inda suka amince a bar iyakokin da aka gada daga Turawan mulkin mallaka yadda suke, duk da sanin cewa iyakokin sun raba dangi da dangi, kamar yadda layin da ke tsakanin Katsina da Maraɗi ya yi. Jakadan Kenya a Majalisar Ɗinkin Duniya, Martin Kimani, ya tuna wa Kwamitin Sulhu wannan zaɓi kwana uku kafin harin 2022. Idan yare ɗaya da tarihi ɗaya suka zama hujjar tsallaka iyaka da tanka, babu ƙasa a nahiyar da za ta kwana da ido biyu rufe. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Chadi ta ga abin da idonta. Libiya ta mamaye zirin Aouzou a 1973. Gwamnatocin Chadi sun yi ta sauyawa cikin yaƙin basasa, amma ƙorafin ya ci gaba da zuwa gaban Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1987 sojan Chadi suka fatattaki na Libiya daga mafi yawan arewacin ƙasar, daga baya ɓangarorin biyu suka tafi Kotun Duniya, wadda ta ba Chadi gaskiya ranar 3 ga Fabrairu, 1994, bisa yarjejeniyar 1955 tsakanin Faransa da Libiya. A ƙarshen Mayu sojan Gaddafi suka janye a gaban masu sa ido na Majalisar Ɗinkin Duniya. Abubuwa uku ne suka haɗu: da'awar da ba a bari ta mutu ba, ƙarfin da ya sa mai mamaya ya ji jiki, da kotun da kowa ya yarda ya je gabanta. A Kirimiya na farkon ne kaɗai ya samu tun daga 2014.

8. Inda maganar ta tsaya

Ƙasashen da suka fito fili suka amince da Kirimiya a matsayin yankin Rasha 'yan ƙalilan ne, irin su Koriya ta Arewa da Nikaraguwa da Siriya a zamanin Bashar al-Assad. Sin, duk da kusancinta da Mosko, ba ta amince a hukumance ba. Turkiyya tana sayen gas da makamai daga Rasha, amma tana maimaita cewa ba ta yarda da haɗewar ba, tana kuma ambaton haƙƙin Tatar.

Babbar shaidar cewa wannan ƙin yarda yana da nauyi daga Mosko take fitowa. Tun tattaunawar farko da aka yi a Maris na 2022, amincewa da Kirimiya a matsayin ƙasar Rasha yana cikin manyan sharuɗɗan da ta gindaya don tsayar da yaƙi. Tana da soja a wurin, da gada, da fasfo, da kotuna, da makarantu, amma har yanzu tana neman sa hannun da ba ta samu ba. Dokokin ɓangarorin biyu kuma sun ƙara ɗaure ƙullin. Gyaran da aka yi wa tsarin mulkin Rasha a 2020 ya haramta sallama kowane yanki na ƙasar, har da yin kira a sallama. Sashe na 73 na tsarin mulkin Yukiren ya ce ba a sauya iyakar ƙasa sai ta ƙuri'ar raba gardama ta ƙasa baki ɗaya, don haka babu shugaban da ke da ikon miƙa Kirimiya a teburin sulhu shi kaɗai, ko da ya so.